Shirun da Muka Yi wa Zira

Duk wanda ya zauna a Mubi a shekarun da aka yi ƙuri'ar nan ta ko mu bi Nijeriya ko mu bi Kamaru, in dai yana zuwa kallon ƙwallo, ya san muryar Zira ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne golanmu. Filinmu yana bayan Wuro Patuji, gab da mayo, wato rafin garin, amma in ya daka wa 'yan baya tsawa, matan da ke wanki a ƙetare sai sun ɗago kai. Ni ne alƙalin wasa, don ƙafata ba ta taɓa yin abin kirki da ƙwallo ba, kuma sau da yawa nakan busa usur ba a ji ba saboda Zira yana magana. To, mutumin nan ne muka yi jinyarsa a ɗakin da ko tari ba a yarda a yi ba. Na rubuta wannan ne don masu buga ƙwallo ba takalmi su ji, kuma don jinyar ta raba ni da abokina, ta kusa raba ni da uwarsa, wadda ita ce uwar da na sani.

Sunana Bukar. Mahaifina ɗan Barno ne, fataucin kanwa da bandar kifi ya kawo shi Mubi, mahaifiyata kuwa ta rasu ban yi wayo ba. Rumfarmu a kasuwa tana jingine da ta wata mata daga duwatsun Michika, Mama Kuve, mai sayar da gyaɗa da kunun gyaɗa. Kirista ce, mu Musulmi, amma ita ke goya ni duk lokacin da Baba ya tafi sari. Ni da ɗanta Zira ƙwarya ɗaya muka sha kunu, bulala ɗaya muka sha. In na yi laifi ba ta kai ƙara wurin Baba, da kanta take gyara mini zama. Ban taɓa jin ta ce mini Bukar ba, kullum "yaro na" ne.

Da muka girma Zira ya zama mai gyaran keke, ni na gaji rumfar Baba, da la'asar kuma mu haɗu a fili. Ƙungiyarmu babu irin mutumin da babu: Fulani, Gude, Fali, Kamwe, da mu 'yan Barno. Lokacin ƙuri'a gari ya ɗauki zafi har wa da ƙani ba sa gaisawa, sai Zira ya kafa mana doka cewa duk wanda ya kawo zancen akwatin ƙuri'a fili, shi zai ɗebo ruwan da za a sha daga mayo. Shi da kansa ya fi kowa ɗebo ruwan nan, don bakinsa ba ya zama.

'Yan shekaru bayan haka, a tsakiyar wata damina, abin ya faru. Filin namu da rani shanu ke kwana a cikinsa, da damina kuma ciyawa ta rufe duk abin da aka yar. Zira ya fito daga raga da gudu, ya taka murfin wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa, ya yanke shi a tafin ƙafa. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya yi abin da kowannenmu yake yi a zamanin: ya tofa yawu, ya ɗebi ƙasar wurin ya shafa, ya yagi gefen rigarsa ya ɗaure, ya koma raga. Har fenareti ya kama a ranar, ya ishe mu da kurari har gida. Mama Kuve ta gasa masa ƙafar da ruwan zafi ta barbaɗa toka. Bakin ciwon ya rufe, muka ce ya warke.

A makon da ya biyo baya ne ya fara cewa muƙamuƙinsa ya yi masa nauyi. Muka yi ta yi masa dariya, muna cewa Allah ne ya ji kukan mutanen Wuro Patuji zai hutar da kunnuwansu. Na sayo mana gasasshiyar masara, ya kai baki ya kasa gatsa. Daga nan wuya ya sanƙare, sifana ta riƙa faɗuwa daga hannunsa a wurin aiki. Abin da ya fi ruɗa mu shi ne fuskarsa ta ja kamar mai murmushi, don haka duk wanda ya gan shi sai ya ɗauka wasan da ya saba ne.

Sai shawarwari suka fara zubowa. Kawunsa Vandi ya sauko daga dutse ya ce iskan mayo ne, dama ya sha faɗa cewa ba a tsalle-tsalle a bakin ruwa da yamma, a nemo baƙar akuya. Baba ya ce a ba shi rubutu. Wanzamin unguwarmu ya ce mugun jini ne ya taru a ƙeya, ya kafa masa ƙaho. Wata maƙwabciya ta rantse haƙori ne, ta kawo kanumfari. Kowa da zuciya ɗaya ya zo, ban musa ba, amma a cikin mutanen nan duka babu wanda ya tambayi ƙafar, ni ma ban tuna da ita ba. Muna ta wannan fama kwanaki suka tafi, har wata safiya tasa ta faɗi a tsakar gida, Zira ya banƙare a kan tabarma, bayansa ya tashi daga ƙasa, haƙoransa a cije, idonsa a buɗe yana kallonmu. Bai suma ba. Duk abin da ke faruwa da shi yana sane, kuma wannan ne abin da har yau nake kasa mantawa.

A amalanke muka kai shi asibiti, kowane rami muka faɗa sai jikin ya sake ɗaurewa. Muka tarar da layin karɓar kati ya zagaye baranda, mai ba da katin kuma ya ce kowa ciwo ne ya kawo shi, mu bi layi. Allah ya saka wa wani ma'aikacin jinya, Malam Istifanus, da alheri. Wucewa yake yi ya hango yadda bayan Zira ya lanƙwashe, ya tsaya, ya tambaye mu ko ya taka wani abu kwanan nan. Da muka nuna masa ƙafar bai ƙara magana ba, ya kama amalanken da kansa ya tura.

Likitan ɗan Indiya ne, ba ya jin Hausa. Kalma ɗaya na riƙe daga bakinsa, titanus, don ya maimaita ta yana girgiza kai. Malam Istifanus ya fassara mana sauran. Ya ce dafin ciwon a ƙasa yake zama, musamman mai kashin dabbobi, kuma ta ƙaramin rauni yake shiga, in bakin raunin ya rufe ya fi jin daɗin aikinsa. Ya ce ƙara da haske da taɓawa su ke tayar da banƙarewar, kowace banƙarewa kuma tana iya tsayar da numfashi. Saboda haka za a sa shi a ɗaki shi kaɗai, a rufe taga, mutum ɗaya tak zai zauna da shi. Suka sake buɗe raunin suka wanke, suka yi masa allurar da ke hannunsu, suka ce saura sai an kawo daga Yola, ga shi ruwa ya cinye hanya.

Mama Kuve ce ta fara zama da shi, kuma haka ya kamata. Amma uwa ce. Da jikin ya ɗaure sai ta ƙwalla ƙara da yarensu, ta rungume shi tana jijjigawa tana kiran sunansa, shi kuwa abin ya ƙara tsanani har ya ciji harshensa. Likita ya ce a fitar da ita. Aka dubi 'yan'uwa, wansa yana aiki can nesa, ƙannensa mata sun fi uwar kuka. Aka ce ni. Na cire takalmina na shiga, na ja ƙofa.

Mako na biyu shi ne na dubiya, kuma a nan ƙorafina yake. Mu mutanen nan mun ɗauka cewa in ba ka je ka cika wa maras lafiya ɗaki da sannu ba, ba ka ƙaunarsa. Zira kuwa rabin Mubi abokansa ne. 'Yan ƙungiya suka zo gaba ɗaya, na tare su a baranda. Masu kekuna suka zo. Matan zumunta na cocinsu suka zo da tulunansu na kiɗa da caki za su yi masa waƙa a bakin taga. Kawu Vandi ya zo da dattawan dutse da akuyarsa tana kuka. Malamin Baba ma ya zo zai yi tofi. Duk na hana, ina magana ƙasa-ƙasa ina haɗa hannuwa, su kuwa suna ɗaga murya suna tambayar wa ya naɗa ni sarkin ƙofa. Kawu Vandi ya faɗa a gaban jama'a cewa ɗan Barno ya tsare musu ɗa don kada a yi masa addu'ar addininsa. Maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai, hawaye kawai na ji suna zubo mini.

Malam Istifanus ne ya raba mu, shi da yake ɗan cocinsu ne. Ya kwashi matan zumunta ya kai su gindin wata tsamiya can bayan shinge, ya ce su yi waƙarsu a nan, wanda suke roƙo zai ji. Mutumin nan ban san da me zan biya shi ba. Bargonsa ya kawo daga gida ya rataya a taga. Ya naɗe mariƙin bokiti da tsumma don kada ya yi ƙara. Ya roƙi maigadi ya daina buga ƙarfen da ake bugawa in lokacin canjin aiki ya yi, ya riƙa bi yana faɗa da baki. In zai shigo ɗakin, a bakin ƙofa yake barin takalminsa.

Abinci kuwa sai dabara. Allah ya sa Zira yana da giɓi, haƙorin da gwiwar wani ɗan Digil ta cire masa shekarun baya. Ta giɓin nan nake ɗura masa kunun gyaɗa da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, in ya haɗiye in jira. Kullum da safe Mama Kuve za ta kawo kunun a ƙwarya, ta tsinka shi sosai ta tace, ta miƙo mini, ta koma gindin tsamiya ta zauna har yamma.

Wata safiya ta riƙe ƙwaryar ba ta saki ba. Ta ce, "Yaro na, ka bar ni na gan shi. Ba zan yi kuka ba."

Na bar ta. Ta cusa gefen ɗankwalinta a baki ta shiga a hankali, kuma wallahi ta yi ƙoƙari. Amma tana tsaye jikin ya motsa, ta ja da baya a firgice, ƙafarta ta ture tasar da ke ƙasa. Banƙarewar da ya yi a ranar har leɓensa ya yi baƙi, da ƙyar numfashi ya dawo. Likita ya ce in aka sake shigar da ita, shi ya cire hannunsa. Washegari da ta sake roƙona na ce mata a'a. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Ni ne na haife shi. Kai wane ne?"

Ban matsa daga ƙofar ba. Ko yau aka mayar da ni wurin, ba zan matsa ba. Amma daga ranar ta daina ce mini yaro na, kunun ma sai ta ajiye a ƙasa ta juya.

Ɗawainiya kuwa ta ci abin da ta ci. Keken Zira ya tafi, awakin Mama Kuve suka bi shi, 'yan ƙungiya suka yi karo-karo. Baba, wanda bai taɓa ganin amfanin ƙwallo ba, wanda yake ce mana masu bin iska, shi ya ɗauki nauyin mutumin da ya bi wata babbar mota ta hanyar zagaye ya je Yola ya zo da allurar. Ranar da ta iso na ga Baba ya zauna a baranda yana jan carbi, dattawan dutse na gefensa.

A mako na uku muka fara sa rai. Banƙarewar ta ragu, muƙamuƙin ya ɗan saki har yana iya magana ta tsakanin haƙora. Abin da ya fara tambayata shi ne ko an buga ƙwallo. Na ce tun da ya kwanta babu wanda ya taka filin. Sai ya ce, "Bukar, shirun nan ya fi ciwon gajiyar da ni." Ya ce in ba shi usur ɗina ya riƙe. Na ciro daga aljihu na sa masa a hannu, ya damƙe. Ya ce kunun yau bai ishe shi ba. Don murna na fita da sauri na gaya wa Mama Kuve, ko kallona ba ta yi ba, amma ta tashi ta nufi gida za ta dama wani.

Tana tafiya hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Gella. Mun hana mutane, mun hana akuya, mun hana ƙarfen maigadi, amma rufin ɗakin na kwano ne, kuma babu wanda zai ce wa ruwan sama ya yi a hankali. Ruwa ya sauko da ƙarfi, aka yi wata tsawa da ta girgiza ginin. Jikin Zira ya ɗaure, wannan karon bai saki ba. Malam Istifanus ya shigo da gudu, da takalminsa, likita na bayansa. Sun yi abin da za su iya. Kafin ruwan ya tsagaita abokina ya cika.

Mama Kuve ta iso a jiƙe sharkaf, ta rufe ƙwaryar da faifai don kada ruwa ya shiga. Ta ga ƙofa a buɗe, ta ga an cire bargon taga, ta gane. Ta ajiye ƙwaryar, ta wuce ni kamar ba mutum a wurin, ta shiga wurin ɗanta.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In ƙarfe ko ƙaya ko kwalba ta yanke ka, komai ƙanƙantar yankan, kada ka shafa ƙasa, kada ka sa toka. Wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka tafi asibiti a ranar, akwai allurar da ake yi tun kafin ciwon ya tashi. In kuma ka ji wanda ya ji rauni yana cewa bakinsa ya yi nauyi, kada ka yi masa dariya kamar yadda muka yi.

A dutse aka binne shi. Na je, na durƙusa na yi wa Mama Kuve gaisuwa, ta kau da kai. Da ta dawo kasuwa sai ta sa aka kafa zana tsakanin rumfarta da tamu. Shekara guda ina jin muryarta tana ciniki ta bayan zanan nan, ina jin ƙamshin kununta, ba na ganinta. Na yi kewar Zira, amma wannan ta fi ci mini rai, don ita tana raye. Fili kuwa ciyawa ta cinye shi.

Bayan kaka ta shekara mai zuwa, Hammadu ɗan gabanmu ya same ni a rumfa. Ya ce 'yan coci sun yi wa Zira nasu, 'yan dutse sun yi nasu, mu da muka yi shekaru muna jin tsawarsa ba mu yi masa komai ba, kuma abin da ya haɗa mu duka fili ne. Muka shirya wasa, muka gayyato samarin Digil da na Gella. Muka yanke cewa ba mai shiga ba takalmi, ko na taya ne, kuma kafin a fara kowa zai shiga sahu a tsince filin daga raga zuwa raga. Ni kuma na kawo shawarar a buga wasan shiru, ba usur, ba ihu, ba tafi, tun da ƙara ce ta azabtar da shi. Kowa ya ce hakan ya yi. Na aika wa Mama Kuve ta bakin 'yarta, ba ta aiko da amsa ba.

Ranar mutane suka cika bakin fili. Abin da muka tsinto ya cika kwando: gwangwanaye, guntayen waya, fasassun kwalabe, har da tsohon lauje. Aka fara wasa, ina ɗaga farin ƙyalle maimakon usur. Ban taɓa ganin abu maras daɗi irin wannan ba. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙwallo da numfashin mutane. Hammadu ya ci ƙwallo mai kyau, ya juyo yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.

Ana cikin haka na ga 'yan kallo suna darewa. Mama Kuve ce, da tukunya a kai, matan zumunta na biye da ita da tulunansu. Ba ta tsaya a bakin layi ba, ta ratsa tsakiyar fili, wasa ya tsaya da kansa. Ta sauke tukunyar a gabana.

Ta ce, "Wannan mene ne kuna yi?"

Na ce, "Mama, don Zira ne. Mun ga ƙara ce ta wahalar da shi, shi ya sa."

Ta ce, "Wa ya gaya maku Zira yana son shiru? Can asibiti likita ne ya faɗa, kai ka bi. Na yi fushi, har yanzu zuciya na bai gama sanyi ba. Amma nan babu likita. Kun ba shi shiru har ya mutu, yanzu kuma kun kawo masa shiru a filinsa?"

Ta kwance haɓar zaninta, ta ciro usur ɗina. A hannun Zira ta same shi ranar da ya cika, ta ajiye shi duk tsawon shekarar nan. Ta miƙo mini.

Ta ce, "Busa, yaro na."

Na kai baki, iska kawai ta fita. Na sake jan numfashi na busa da duk ƙarfina. Matan zumunta suka saki kiɗan tulu, wata ta rangaɗa guɗa, filin nan gaba ɗaya ya ɓarke da ihu, golan da ya gaji Zira ya shiga zazzaga wa 'yan bayansa masifa da irin kalmomin marigayin. Na hango matan da ke wanki a ƙetaren mayo sun ɗago kai. Ina gudu ina busa ina kuka, ban san ma wa ya ci wasan ba. Da aka tashi ta zuba wa kowa kunu, ni ta ba ni a ƙwaryar nan da na sani.

Tun daga lokacin kowace kaka muna yi. An yi yaƙi an gama, wasu daga cikinmu sun tafi soja ba su dawo ba, kuɗi ma sun koma naira, amma wasan Zira bai fasa ba. A tsince fili tukuna, a duba ƙafar kowa, sannan a yi hayaniyar da za ta hana Wuro Patuji sakat. Ni dai abin da na fi tunawa shi ne washegarin wasan farko. Na je kasuwa da sassafe zan buɗe rumfa, na tarar an cire zanan nan da ke tsakaninmu. Mama Kuve ta shimfiɗa shi a ƙasa tana shanya gyaɗa a kai, ta ce in zo in kama mata buhu.